FILIN KIMIYYA: INA WAYON ƁERA YAKE ZAUNE?

 A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani maƙwabci wanda ba wanda ya gayyace shi, amma kuwa da wuya a sami gidan da bai taɓa kwana a ciki ba, watau ɓera. Da zarar an gama girbi, an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ji magidanta suna kuka da shi, masu tallar guba kuma kasuwarsu ta buɗe. A sayi guba a zuba, a kwashe gawa biyu ko uku, a ce an huta. Kafin wata ya zagayo sai a sake jin motsi a bayan buhu.

Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, me ya sa wannan 'yar dabba, wadda ƙwaƙwalwarta ba ta wuce nauyin giram 2 ba, take gagarar ɗan Adam mai ƙwaƙwalwar da ta haura giram 1,300? Masana kimiyya sun shafe fiye da shekara 100 suna bin diddigin wannan al'amari. Abin da suka gano yana da amfani ga kowane mai gida a ƙasar nan, balle mu mutanen Jos, waɗanda tarihi ya riga ya nuna mana cewa sha'anin ɓera ya wuce ɓarnar hatsi, sha'ani ne na rai.

ABIN DA YA FARU A JOS

Cikin watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kamu da wani irin zazzaɓi a garin Lassa, wanda yanzu yake cikin Jihar Borno. Aka ɗauko ta a jirgin sama aka kawo ta asibitin mishan da ke Jos, a nan ta rasu. Ba a daɗe ba Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kwanta ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta birnin New York ta warke, kuma masana na Jami'ar Yale suka binciki jinin waɗannan mata suka gano sabuwar ƙwayar cuta, aka raɗa mata sunan garin da ta fara ɓulla. A farkon 1970 cutar ta sake tashi a asibitin Evangel na Jos, wanda jama'a ke kira Jankwano, ta kashe mutane da dama. Cikinsu har da likita Jeanette Troup, wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ta rasu cikin watan Fabrairu na shekarar.

A lokacin ba a san inda cutar take fitowa ba. Sai a 1972, da annobar ta ɓarke a ƙasar Saliyo, Thomas Monath da abokan aikinsa suka kama dabbobi iri iri suka gwada, suka tarar da ƙwayar cutar a jikin wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomis. Shi wannan ɓera cutar ba ta kayar da shi, sai dai ya yi ta zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa, a kan abinci da kwanuka da tabarmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka kamu, wajen 4 ba sa jin jiki sosai, amma na biyar ɗin kan kwanta rai a hannun Allah, kuma kimanin kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka tashi daga ciwon sukan sami kurumta. Jihohin Bauci da Taraba, waɗanda muka haɗa iyaka da su, suna cikin inda cutar ta fi tsanani a Nijeriya, kuma da rani ta fi tashi.

To, wanda zai yi yaƙi da abokin gaba irin wannan, wajibi ne ya san yadda yake tunani. Yawancin binciken da za mu ambata an yi shi ne a kan farin ɓeran ɗakin gwaji, wanda jinsinsa dabam ne da na Mastomis, amma sassan ƙwaƙwalwar da za mu lissafa duk dabba mai shayarwa tana da su, har da mu kanmu.

AKWATIN LUNGUNA

Tun a 1901 wani Ba'amurke mai suna Willard Small ya ƙera wani akwati mai lunguna da yawa, kamar lungunan tsohon birni, wasu su ɓulle wasu su toshe. Ya ajiye abinci a ciki, ya saki ɓera, ya zauna yana lissafin yawan ɓatan da yake yi kafin ya kai ga abincin. Wannan akwati shi ya zama babban ma'aunin wayon ɓera har yau.

Daga baya Karl Lashley ya so ya san takamaiman wurin da ɓera yake ajiye sanin hanya a cikin kansa. Sai ya riƙa koya wa ɓeraye akwatin, sa'an nan ya cire wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwarsu, ya sake gwada su. A littafin da ya wallafa a 1929 ya ce abin da ya gani shi ne, yawan abin da aka cire shi ke rage wa ɓera ƙwazo, ko daga wane gefe aka cire shi. Waɗanda suka biyo bayansa sun fahimci dalili. Bin lungu aiki ne da ido da hanci da gashin baki da ƙafa duk suke da hannu a ciki, saboda haka in an toshe wa ɓera ƙofa ɗaya sai ya bi ta wata. Da aka ƙirƙiro gwaje-gwaje masu tambayar abu ɗaya tak a lokaci guda, sai ya bayyana cewa kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Huɗu daga cikinsu za mu duba.

NA FARKO: MA'AJIYAR TASWIRA

A 1930 Edward Tolman da Charles Honzik na Jami'ar Kalifoniya suka raba ɓeraye kashi uku. Kashi na farko kullum suna tarar da abinci a ƙarshen akwati, na biyu ba sa tarar da kome, na uku kuwa aka bar su suna yawo a banza har kwana 10, sai a rana ta 11 aka fara ajiye musu abinci. Washegari sai ga 'yan kashi na uku suna zuwa wurin abincin da ƙwarewa irin ta waɗanda aka daɗe ana ciyarwa. Ashe duk yawon da suke yi, haddace gari suke yi. A 1948 Tolman ya ce lalle ɓera yana zana taswira a cikin kansa. Masana da yawa na zamaninsa ba su yarda ba.

Sai a 1971 John O'Keefe da Jonathan Dostrovsky suka sami shaida a birnin Landan. Suka sa wata 'yar siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera mai suna hifokamfus, suka saurari ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar akwai ƙwayar da ba ta motsi sai ɓera ya isa wata kusurwa ta ɗaki, wata kuma sai ya isa wata kusurwar dabam, watau kowane wuri da mai gadinsa. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser a ƙasar Norwe suka gano wasu ƙwayoyin a sashen da ke maƙwabtaka da wannan, waɗanda ke auna nisa da tazara kamar mai awon fili. Wannan aiki ne ya sa aka ba O'Keefe da su Moser lambar Nobel a 2014.

Richard Morris na Jami'ar St Andrews a Sikotilan ya ƙara tabbatar da maganar. Ya cika wata babbar kwatarniya da ruwa, ya zuba madara don kada a ga ƙasa, ya ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan. Lafiyayyen ɓera, bayan 'yan gwaje-gwaje, ko ta wane gefe aka jefa shi sai ya dubi alamun ɗakin ya miƙe zuwa dandamalin. A 1982 Morris da abokansa suka nuna cewa ɓeran da aka lalata wa hifokamfus sai ya yi ta kewaye yana lalube, amma in aka ɗaga dandamalin ya fito fili, nan da nan ya nufe shi. Idonsa lafiya, ƙafarsa lafiya, taswirar ce ta ɓace.

Ma'anar wannan gare mu ita ce, ɓeran da ke ɗakinki, uwargida, ya san ɗakin kamar yadda kika san shi, har ma da inda ba ki taɓa leƙawa ba. Ya san inda buhun masara yake, ya san inda ruwa yake ɗiga, ya san ramuka nawa zai iya faɗawa in kyanwa ta taso.

NA BIYU: GIDAN SABO

A can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira sitirayatum, mu ce masa gidan sabo. A 1996 Mark Packard da James McGaugh suka yi wani gwaji mai ban sha'awa da akwati mai siffar mararraba. Kullum sai su saki ɓera daga kudu, abinci kuma yana reshen yamma, watau in ya zo mararraba ya juya hagu. A rana ta 8 sai suka sake shi daga arewa. Yawancin ɓerayen suka juya dama suka nufi yamma, domin wurin suka haddace. Aka ci gaba da horo. A rana ta 16 aka sake sakinsu daga arewa, sai yawancinsu suka juya hagu suka nufi gabas inda ba kome, domin yanzu ƙafa ce take ja, kai ya daina shawara. Da aka yi wa gidan sabon allurar da ke kashe jijiya na ɗan lokaci, irin wadda likitan haƙori ke yi, sai ɓerayen suka koma bin taswira, suka nufi yamma.

Bahaushe ya ce sabo turken wawa, ga shi kuwa kimiyya ta nuna inda aka kafa turken. Nan ne raunin ɓera yake. In ya saba da hanya, ita zai yi ta bi dare bayan dare, yawanci a gindin bango, yana shafa shi da gashin bakinsa. Wanda ya duba da kyau zai ga kashinsa da baƙin maiƙon jikinsa a kan hanyar. Wurin da ya kamata a ɗana tarko ke nan. Tarkon da aka ajiye a tsakar ɗaki sai dai ya kama yatsan yaro.

NA UKU: GOSHIN ƘWAƘWALWA

Sabo yana da amfani muddin duniya ba ta sake ba. In ta sake fa? A nan ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke daidai goshi, yake shigowa. A shekarar 2000 Jennifer Birrell da Verity Brown, su ma a St Andrews, suka riƙa binne abinci a ɗayan kwanuka biyu. Da farko ƙamshin kwano shi ke nuna inda abinci yake. Da ɓera ya gane, sai a sake doka, a mai da alamar ta zama irin abin da aka cika kwanon da shi, ƙamshin kuma ya zama ruɗu. Lafiyayyen ɓera yakan ɗan yi kuskure sa'an nan ya gane an yi sauyi. Wanda aka lalata wa tsakiyar goshin ƙwaƙwalwa kuwa, koyon dokar farko bai gagare shi ba, amma barinta ya kama sabuwa ya zame masa jan aiki.

Wannan sashe ne ke sa in ka toshe rami ɗaya ka bar sauran, ɓera ya sake shawara. In ka rataye ƙwarya ya bi ta igiya, in ka rufe tukunya da faifai ya ci faifan. Rabin gyara, a wurinsa, sabuwar tambaya ce kawai aka ba shi, kuma yana da daren duniya na neman amsa.

NA HUƊU: HARSHE DA CIKI

Yanzu mun zo kan guba. Ɓera ba ya iya amai, saboda haka abin da ya haɗiye ya haɗiye ke nan. Kariyarsa ita ce tsantseni. In ya ga baƙon abinci ko baƙon abu a hanyarsa, yakan kauce masa na 'yan kwanaki, in kuma zai ci sai ya ɗan taɓa kaɗan ya jira ya ji yadda cikinsa zai yi.

A 1966 John Garcia da Robert Koelling suka ba ɓeraye ruwa mai zaƙi, wanda in suka lasa sai fitila ta haska, wata ƙara kuma ta tashi. Wasu aka sa musu ciwon ciki bayan sun sha, wasu kuma aka ja su da lantarki a ƙafa. Waɗanda cikinsu ya ɓaci suka ƙaurace wa zaƙin, ba ruwansu da fitila. Waɗanda aka ja da lantarki suka ji tsoron fitila da ƙara, suka ci gaba da shan zaƙinsu. Garcia ya kuma nuna cewa ko da ciwon bai zo ba sai bayan awa ɗaya ko fiye, ɓera yana ɗora laifin a kan abin da ya ɗanɗana, kuma sau ɗaya ya ishe shi darasi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sashen ɗanɗano da ake kira insula, tare da amigdala, wadda ke kula da tsoro, su ne ke riƙe wannan darasi. In an lalata su, ɓera yakan koma wa abin da ya cuce shi.

Ga dalilin da ya sa guba mai saurin kisa take burge mai saye a daren farko sa'an nan ta daina aiki. Waɗanda suka cika ciki sun mutu, waɗanda suka ɗan taɓa sun yi ciwo sun tashi, kuma sun haddace ɗanɗanon. Har ila yau, Bennett Galef na Jami'ar McMaster a Kanada ya nuna a 1971 cewa 'ya'yan ɓera suna ci ne a inda manyansu suke ci, don haka abincin da manya suka ƙaurace wa su ma ba sa kusantarsa. A 1983 kuma ya nuna cewa in ɓera ya shinshini bakin ɗan'uwansa da ya ci abinci mai kirfa ko mai koko, shi ma irin wannan abincin zai zaɓa. Ka ga ashe labarin abinci yana yawo a tsakaninsu.

Don a kauce wa wannan wayo ne aka fito da gubar wafarin a 1948, daga binciken Karl Link na Jami'ar Wisconsin. Ita tana hana jini daskarewa ne, ba ta kisa sai bayan kwanaki, don haka ɓera ba ya gane abin da ya cuce shi. Amma shekara 10 kacal bayan haka, a 1958, aka sami ɓerayen da ba ta kashewa a wata gona a Sikotilan, kuma suka gadar wa 'ya'yansu wannan ƙarfin jiki. Inda wayo ya gaza, gado ya tare.

GAFIYA MAI LAMBAR ZINARIYA

Wanda har yanzu yake shakkar kaifin wannan ƙwaƙwalwa, sai ya dubi abin da ake yi da 'yar'uwar gafiyarmu a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya. Wata ƙungiya mai suna APOPO, wadda aka kafa a Beljiyam a 1997, tana koya wa gafiyoyi shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa, ladansu kuwa ɗan guntun ayaba. Nauyinsu bai isa ya tayar da nakiya ba. Sun yi aiki a Mozambik, wadda aka bayyana ta tsarkaka daga nakiyoyi a 2015, kuma ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ya sami lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Wasu kuma an koya musu gane tarin fuka a cikin kakin majiyyata. Mu nan abin da muka sani kawai shi ne gafiya tsira da na bakinki, sai kuma yara su cinna wa daji wuta don su kamo ta, wutar kuma ta koro ɓeraye zuwa cikin gari.

ABIN YI

A yankin Farana na ƙasar Gini, inda zazzaɓin Lassa ya yi katutu, masana sun shafe shekara 4 suna zuba guba a gidajen wasu ƙauyuka sau ɗaya a shekara. A rahoton da suka fitar a 2018 sun ce ɓeraye sukan ragu ƙwarai bayan an zuba, amma cikin 'yan watanni sai su dawo kamar ba a yi ba. Muddin abinci da maɓoya suna nan, in an kashe na gida, na jeji ne za su gaje shi.

Saboda haka dabarar da ta dace ita ce wadda ta yi la'akari da sassan nan huɗu. Taswirar ɓera taswirar abinci ce da ruwa da maɓoya, sai a bar shi da taswirar da ba kome a cikinta. A zuba hatsi da gari da acca a durom ko tukunya mai murfin da ke kamawa, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a rufe randa, a daina shanya abinci a ƙasa a bakin titi. Ramuka kuma a toshe su gaba ɗaya a rana ɗaya, da siminti ko waya, domin tsumma da kwali abin wasa ne a wurinsa. Tarko a ajiye shi a kan hanyarsa da abinci a kai, a bar shi kwana biyu ko uku ba a ɗana ba har ya saki jiki, sa'an nan a ɗana da yawa a dare guda. In za a sa guba, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya, a kuma nisanta ta daga yara da kaji da kyanwa. Gawar ɓera kada a taɓa ta da hannu, a ɗauke ta da shebur a binne. Wanda kuma zazzaɓi ya kama, ya sha maganin cizon sauro bai ji sauƙi ba, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a gaggauta kai shi asibiti, domin maganin Lassa ya fi aiki in an fara da wuri.

Sai dai fa wannan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ɓera bai san katanga ba, taswirarsa ta haɗa gidanka da na maƙwabcinka da juji da kwata. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikaci kan shiga gida gida yana leƙa randa da bayan ɗaki. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Filato da ƙananan hukumomi da su ƙarfafa wannan aiki tun kafin rani ya kankama, su riƙa kwashe shara a kan kari. Shugabannin 'yan kasuwa a Katako da Farin Gada, inda hatsi da kayan gwari suke kwana, su ma su sa ranar gyara ta bai ɗaya, masu unguwanni kuma su yi haka a unguwanninsu.

Magabata sun riga sun yanke hukunci a kan wannan shari'a da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Garin da aka yi jinyar masu cutar Lassa a cikinsa a 1969, ya kuma yi asarar likita da ma'aikatan jinya a kanta, shi ya fi cancanta ya nuna wa sauran garuruwa yadda ake rufe daddawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.